Yadda ake ƙyanƙyashe ƙwan kaza da inji a gida, daga zaɓen ƙwai har fitowar 'yan tsaki

Tun da ƙananan injinan ƙyanƙyasa suka yawaita a hannun mutane a nan Zariya, tambayar da ta fi zuwa mana iri ɗaya ce: "Na zuba ƙwai kiret guda, an cika kwana 21, 'yan tsaki huɗu kawai suka fito, injin ne ba shi da kyau?" Wani lokaci laifin injin ne, amma ba kasafai ba. Galibi ɓarnar tana faruwa a wuri uku: ƙwan da aka zuba, lambar da aka gani a fuskar inji aka gaskata ba tare da an gwada ba, da kuma yawan buɗe murfi a kwanakin ƙarshe. Ga matakan bi da bi, ga wanda zai yi karon farko.

1. Fara da lissafin wuta, kafin inji

Ƙwai yana buƙatar ɗumi dare da rana har kwana 21 ba yankewa. Kafin ka sayi komai, zauna ka ƙirga awa nawa kuke samun wuta a unguwarku, da kuma awa nawa takan yi ba ta dawo ba a rana mafi muni. Wannan lissafin ne zai faɗa maka irin injin da ya dace da kai.

Ga mai farawa, ƙaramin inji mai ɗaukar ƙwai 48 zuwa 60 ya wadatar. Nemi wanda ke da fanka a ciki, mai juya ƙwai da kansa, kuma mai hanyar wuta biyu, ta lantarki da ta batir mai bolt 12, wanda idan an ɗauke wuta zai koma kan batir. Duba takardar da ke jikinsa ka ga wat nawa yake ja. A ce wat 80 ne. Batir mai amfiya 100 zai riƙe shi kusan awa 7 kafin ya sauka zuwa rabi, kuma bai kamata ka riƙa zuƙe batir ƙasa da rabi ba in kana so ya daɗe. Idan mita kake biya, ko da hitar da ke ɗumama injin ba ta huta ba ko sau ɗaya, wat 80 a kwana 21 bai wuce yunit 40 da ɗoriya ba, kuma a zahiri bai kai haka ba, domin hitar kamawa take tana saki.

Bayan kuɗin inji, sa waɗannan a kasafi: batir da cajarsa ko faifan sola, sitabilaiza idan wutarku mai hawa da sauka ce, ma'aunin zafi irin na asibiti, ma'aunin danshi, tocila mai haske sosai, ƙaramin sikelin kicin, ƙwan kansa, sai abinci da rigakafin 'yan tsaki. Sau da yawa batir da sola sun fi injin tsada. Wanda ya kashe kuɗinsa duka a kan babban inji ya bar batir, ya gina gida ne ba rufi.

Gargaɗi: in da janareta za ka dogara, kada hayaƙinsa ya kusanci ɗakin. Ƙwai yana numfashi ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ɓawonsa.

2. Ɗakin da za a ajiye injin

Injin ɗumamawa kawai ya iya, bai iya sanyayawa ba. A watan Afrilu, ɗakin da ke da rufin kwano ba silin yakan kai ko ya wuce zafin da ƙwai ke so, sai ka ga lamba tana hawa 39, 40, kai kuma ba abin da za ka iya. Zaɓi ɗaki mai silin ko na ƙasa, inda rana ba ta faɗowa kan injin ta taga, iska tana shiga amma ba ta kaɗa shi kai tsaye. Ɗora shi a kan tebur daidaitacce, nesa da kicin, nesa da akurki, inda hannun yara ba ya kaiwa. In da zaɓi, kada ka yi gwajin farko a tsakiyar bazara.

3. Inda za ka samo ƙwai

Ƙwan da ake sayarwa kiret-kiret a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada don suya da shayi ba ya ƙyanƙyashewa ko shekara zai yi a inji, domin kajin gonar da suka saka shi ba sa tare da zakara. Ana buƙatar ƙwan kazar da zakara ke barbara. Zakara ɗaya lafiyayye ya isa kaji 8 zuwa 10. Idan sabon haɗi ne, bari su yi mako guda tare kafin ka fara tara ƙwan.

Mafi aminci shi ne ƙwan kajinka ko na wanda ka ga garkensa da idonka. In za ka saya, tambayi ranar da aka saka ƙwan, shekarun kajin, da ko an yi musu rigakafi. Ka kuma sani cewa kajin gona na zamani haɗin iri ne: ko ka sa musu zakara sun ba ka 'yan tsaki, 'ya'yan ba za su fito daidai da iyayen ba wajen girma ko yawan ƙwai. Mai neman bayani kan irin da ya dace da yankinmu yana da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika, wadda ta samar da kazar ƙwai ta ShikaBrown.

Zaɓi ƙwai matsakaici mai siffar ƙwai ta asali. Ware mai girma fiye da kima, domin sau da yawa gwaiduwa biyu gare shi, da ɗan ƙarami, da zagayayye, da dogo siriri, da mai ɓawo sirara ko mai kaushi. Haska kowanne da tocila a ɗaki mai duhu, za ka ga tsagewar da ido ba ya gani.

Gargaɗi: kada ka wanke ƙwai. Akwai wani siririn rufi a jikin ɓawo da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa yana cire shi, ruwan sanyi kuma yana ja da datti ciki. Ɗan datti a kankare shi a bushe. Wanda kashi ya ɓata sosai a kai shi kicin.

4. Ajiya kafin zubawa

Tara ƙwan da bai wuce kwana 7 da sakawa ba. Daga kwana 10 yawan waɗanda za su fito yana raguwa sosai. A jera su a kiret, tsinin yana ƙasa, faffaɗan kan yana sama, domin a nan gurbin iska yake. Zafin ajiya da ake so digiri 13 zuwa 18 ne, abin da a nan sai da hunturu ake samu. A sauran lokuta nemi lungu mafi sanyi a gidan, misali gindin randa, kuma ka rage kwanakin ajiya zuwa 3 ko 4. Firij ya yi sanyi da yawa, kada a saka. Kullum ka tokare gefe ɗaya na kiret ɗin da ɗan katako, gobe ka mayar ɗaya gefen.

Ƙwan da ya sha jijjiga a mota ko a bayan babur, bar shi ya huta awa 12 zuwa 24 kafin ya shiga inji.

5. Gwajin inji ba ƙwai a ciki

A nan ake cin riba ko a faɗi, don haka kada ka yi gaggawa. Goge cikin injin da ruwa mai ɗan bilic, ka bar shi ya bushe har warin ya fita. Zuba ruwa a kwatamin ƙasa, ka kunna, ka bar shi yana aiki awa 24 cif.

Inji mai fanka ana saita shi a digiri 37.5 zuwa 37.8. Marar fanka kuwa 38.5 zuwa 39, a auna daidai saman ƙwai, domin zafi a sama yake taruwa. To amma lambar da ke fuskar ƙananan injina ba abar dogaro ba ce. Tana iya nuna 37.8 alhali ciki 36.8 ne ko 38.8, kuma bambancin digiri ɗaya na tsawon mako uku ya isa ya ɓata ƙyanƙyasa. Sanya ma'aunin asibiti a tsayin da ƙwai zai zauna, a tsakiya da kusurwoyi, ka rubuta abin da ka gani safe, rana da dare. Idan ma'auninka ya saɓa da na injin, gyara saitin har na asibitin ya nuna daidai.

Shi ma ma'aunin danshi a gwada shi. Cika murfin kwalba da gishiri, ka ɗiga ruwa kaɗan ya jiƙe ba tare da ya narke ba, ka sa shi tare da ma'aunin a roba mai rufewa ruf, su kwana. Da safe ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 68, ka san duk abin da ya faɗa sai ka ƙara 7.

A wannan rana kuma zare wayar wuta da gangan ka ga ko ya koma batir, ka kuma tsaya ka ga tiren ƙwai ya karkata dama da hagu da idonka.

6. Zubawa

Bari ƙwan ya ɗauki ɗumin ɗaki na awa huɗu zuwa shida idan daga wuri mai sanyi ya fito, don kada ya yi gumi a inji. Rubuta lamba a jikin kowanne da fensir. A tire mai juyawa tsini ƙasa ake sawa. A injin da ake juyawa da hannu a kwance ake ajiyewa, a sa alamar X a gefe ɗaya, O a ɗaya gefen.

Ranar da ka zuba ba a ƙirga ta. Wanda ya zuba ranar Asabar da safe, Lahadi da safe ne kwana ɗaya, kuma Asabar ta uku bayan ta zubawa ce ranar fita. Rubuta kwanan watan kwana na 7, na 14, na 18 da na 21 ka manna a bango.

Gargaɗi: da ka zuba, zafin zai sauka na wasu awanni saboda sanyin ƙwan. Kada ka taɓa saiti, zai dawo da kansa. Kuma a zuba duka rana ɗaya. Ƙara sabon ƙwai bayan kwana biyar yana jawo rikici a ƙarshe, lokacin da wasu ke buƙatar juyi wasu kuma ke buƙatar a ƙyale su.

7. Juyi, daga kwana 1 zuwa 18

Juyi yana hana ɗan tayin mannewa a jikin ɓawo, kuma a makon farko ya fi muhimmanci. Mai juyawa da hannu ya yi sau 3 ko sau 5 a rana, ba sau 2 ko 4 ba, don kada ƙwai ya riƙa kwana a gefe ɗaya kullum. Hanya mafi sauƙin tunawa ita ce lokutan salla: asuba, azahar, la'asar, magariba, sai na ƙarshe bayan isha'i dab da kwanciya. Wanke hannu ka bushe tukuna, maiƙo ko man shafawa yana toshe ƙofofin ɓawo. Juya gaba yanzu, baya an jima, kada ka riƙa mirginawa ta fuska ɗaya.

8. Danshi

Littafin inji zai ce kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari daga farko har kwana 18. Daidai ne, amma yadda za ka kai wannan lamba a Janairu daban yake da Agusta. Da hunturu iskar Zariya bushewa take ƙayau, ruwan kwatami yana ƙafewa cikin yini, sai an cika safe da yamma, wani lokaci har da ƙarin soso jiƙaƙƙe. Da damina kuwa iskar ɗaki kanta tana da danshi, kwatami ɗaya ko ƙasa da haka ya isa, kuma mafi yawan asarar damina daga cika ruwa ne.

Faɗin fuskar ruwa ne ke ƙara danshi, zurfinsa bai da tasiri. Faranti mai faɗi da ruwa kaɗan ya fi kofi cike. A zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi, kada ya taɓa ƙwai. Kada kuma a toshe ramukan iska wai don danshi ya hau, ɗan tayi yana ƙara buƙatar iska yayin da yake girma.

Alƙalin gaskiya dai shi ne ƙwan kansa. Daga zubawa zuwa kwana 18 ya kamata ya rage nauyi da kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari. Auna ƙwai goma tare a ranar farko. A ce sun ba ka giram 400, kamar yadda ƙwan kajin gida kan yi. A kwana na 9 ka sa ran ganin kusan 376, a kwana na 18 kusan 352. Idan nauyin bai sauka haka ba, danshi ya yi yawa, rage ruwa. Idan ya zarce, ƙara.

9. Haskawa

A kwana na 7, da dare, kashe fitila, ka ɗora bakin tocila a faffaɗan kan ƙwai, ka kewaye da yatsu don haske ya shiga ciki kawai. Ƙwai mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya, wani lokaci yana motsi. Wanda ya fito fes, haske na ratsa shi, ba a barbare shi ba ko ya mutu tun da wuri. Wanda ke da jan zobe zagaye ba jijiyoyi, ya fara ya mutu. In kana shakka, musamman a ƙwai mai duhun ɓawo, sa masa alama ka sake dubawa a kwana na 10.

A kwana na 14 yawancin ƙwan ya yi duhu, gurbin iska ya faɗaɗa. A na 18 duhu ya cika shi, gurbin iska ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku, bakinsa a karkace. Kowane dubawa zagaye gurbin da fensir don ka ga yadda yake girma.

Gargaɗi: fitar da baragurbi da zarar ka tabbatar. Ƙwan da ke wari ko yake tsattsafo da ruwa yana iya fashewa ya watsa cuta a kan sauran. Ɗauke shi a hankali, ka binne nesa. Kada haskawa ta wuce minti goma zuwa sha biyar.

10. Idan wuta ta yanke kuma batir ya mutu

Kada ka buɗe. Lulluɓe injin da bargo ka bar ramin iska. In abin ya ja, cika gorunan roba da ruwan zafi wanda hannu ke iya riƙewa, ka naɗe da tsumma ka jera a gefen injin ƙarƙashin bargon. Ƙwai yana jure sanyin 'yan awanni, ita kanta kaza tana tashi ta ci abinci ta dawo. Abin da zai biyo baya shi ne jinkirin fita. Zafi ne ba ya yafiya: awanni kaɗan sama da digiri 40.5 suna kashewa. Saboda haka da wuta ta dawo cire bargon nan take, kuma kada ka kusanto da kaskon gawayi. In akwai kaza mai kwanci a gidan, tana iya karɓar ƙwai 10 zuwa 12, a saka mata da dare.

11. Kwana 18: kulle

Yi haskawar ƙarshe. Kashe juyi, cire tiren, ka shimfiɗa tsumma mai kaushi ko yankin buhun algarara mai tsabta a kan ragar ƙasa, ka kwantar da ƙwan a kai. Cika dukkan kwatamai don danshi ya kai 65 zuwa 70, buɗe ramukan iska, ka rufe murfin. Daga nan ƙarin ruwa ta ramin waje ake yi, ko da sirinji da ɗan tiyo.

12. Fita

Wajen kwana 19 zuwa 20 ɗan tsako yana huda gurbin iska da baki, in ka kasa kunne za ka ji tsiyau-tsiyau daga cikin ƙwai. Sai ya fasa ɗan rami a ɓawo. Daga nan yana iya yin awa 12, har 24, ba wani ci gaba da ido ke gani. Hutawa yake yi, yana shanye sauran gwaiduwa ta cibiya, jijiyoyin da ke jikin tantanin cikin ɓawo suna ƙafewa. In lokaci ya yi sai ya riƙa juyawa yana tsaga ɓawon a zagaye, ya tura da ƙafa ya fito jiƙe sharkaf, ya kwanta kamar ba rai. Haka suke, cikin awanni zai bushe ya miƙe.

A nan ne ake kiran yara da maƙwabta su zo kallo, ana ɗaga murfi. Duk ɗagawa ɗaya, musamman da hunturu, danshi yana tserewa, tantanin waɗanda suka fara hudawa ya bushe ya ɗaure su kamar leda. A kalla ta gilashi. Waɗanda suka fito za su iya zama ciki awa 24 ba ci ba sha, gwaiduwar da suka shanye tana riƙe su. A kwashe su rukuni-rukuni, sau ɗaya ko biyu a rana, da sauri.

Gargaɗi: kada ka ɓare wa ɗan tsako ɓawo don tausayi. In ya wuce awa 24 da hudawa, tantanin ya bushe ya yi ruwan ƙasa, za ka iya jiƙa shi da auduga da ruwan ɗumi, nesa da hancinsa, ka ɓalle ɓawo kaɗan ta wajen gurbin iska. Ka ga jini, tsaya, mayar da shi.

Bar injin a kunne har kwana 23.

13. Ɗakin reno

Shirya shi tun kwana 19. Zagaye wuri da kwali ko filawud, shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko dusar katako mai kauri, a rufe da takarda mai kaushi kwana biyu na farko don kada su ci. Ƙasa mai santsi tana sa ƙafafunsu su baje. Ɗumi digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a rage kusan 3 kowane mako. Su da kansu za su faɗa maka: sun cure a gindin fitilar da ke ɗumama su, sanyi, sun gudu gefe baki buɗe, zafi, sun bazu suna ci, daidai. Mai amfani da gawayi ya bari ya ruru a waje hayaƙi ya ƙare, kuma ya bar taga.

Ruwa ake fara ba su, da ɗan gulukos, a tsoma bakin kowanne. Zuba tsakuwa a mazubin ruwan don kada su nutse. Bayan awa biyu sai abincin 'yan tsaki na sitata. Tsakin masara zalla ba ya gina su. Rigakafin Gumboro da na Niyukasul, cutar da ke share kajin gida da hunturu, ka nemi jadawalinsa wurin likitan dabbobi tun kafin su fito, akwai asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Kwalbar rigakafi ta kaji da yawa ce kuma in an haɗa ba ta ajiyuwa, don haka ku haɗu da maƙwabta masu kiwo ku yi rana ɗaya.

14. Fasa waɗanda ba su fito ba

Kada ka zubar da su ba ka duba ba. Fita waje, sa leda a hannu, fasa kowanne ta faffaɗan kai, ka rubuta abin da ka gani tare da lambarsa. Yawancinsu ba komai ciki: matsalar zakara ce ko tsohon ƙwai. Mutuwa a makon farko: ajiya cikin zafi, jijjiga, ko rashin juyi. Cikakken ɗan tsako ya mutu bai huda ba, ciki da ruwa, gurbin iska ƙarami: danshi ya yi yawa a kwanaki 18 na farko. Ya huda ya maƙale a busasshen tantani: danshi ya gaza a ƙarshe ko an yawaita buɗewa. Fita tun kwana 19 da cibiya a buɗe: zafi ya yi yawa. Jinkiri zuwa 22 ko 23: zafi ya gaza. In kuma waɗanda suka mutu duk daga kusurwa ɗaya suke, wannan gefen injin ya fi sanyi ko zafi, sai a riƙa sauya wa ƙwai wuri lokacin haskawa.

A karon farko, samun 6 ko 7 cikin kowane 10 da suka nuna jijiya a kwana na 7 sakamako ne mai kyau. Kwashe ɓawo da gashin da ya cika fanka, wanke injin da ruwan bilic, ka shanya shi a buɗe kwana biyu. A zubi na biyu gyara abu ɗaya kawai daga cikin abin da ka rubuta, don ka san wanne ne ya yi aiki.